Toka a Kan Baƙar Laka: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Wannan magana ta ɗan kwangila ce, da injiniyan da ke duba aikinsa, da jami'in da zai sa hannu a biya kuɗin. Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Numan, ko ta Dikwa zuwa Gamborun Ngala, ya san baƙar lakar nan da mutanen Borno ke kira firki. Da rani takan bushe ta yi tauri, ta tsattsage har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, ta kama taya, ta cire wa mai tafiya takalmi. Manomin masakwa yana sonta domin tana riƙe ruwa. Mai gina hanya kuwa ba shi da abokin gaba kamarta, saboda ma'adinin da ke cikinta, monmorilonait, yana zuƙe ruwa a tsakanin ɓawo-ɓawonsa ya buɗe, in ya bushe ya tsuke. Kwaltar da aka shimfiɗa a kai tana hawa tana sauka kowace shekara har ta karye. Ana ƙiyasta wannan ƙasa ta rufe fiye da murabba'in kilomita 100,000 a arewa maso gabashin Najeriya, kuma irinta ce a Jazira ta Sudan da tsakiyar Indiya.

Shekaru da yawa malaman jami'o'inmu, musamman na sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna gwada gauraya wannan laka da tokar sharar gona: buntun shinkafa, tuƙar rake, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ɓawon ɗorawa. Aikin yana da amfani, kuma ina goyon bayansa. Amma labarin ya fara fita daga ɗakin gwaji ya shiga bakin masu neman sauƙi, har ana ce wa mutane toka ta maye gurbin siminti. Ba ta maye ba. Ga abin da ya wajaba, ga abin da ya haramta.

Kada ka zuba toka ita kaɗai ka ce ka gyara ƙasa.

Wannan shi ne babban kuskure, kuma a kansa zan fi daɗewa. Tokar buntu kusan dukkanta silika ce, sau da yawa fiye da kashi 85 cikin ɗari. Silika ba ta kama komai da kanta. Sai ta sami sinadarin kalsiyam da ruwa sannan su haɗu su haifar da danƙon da ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa, irin danƙon da ke sa siminti ya ƙanƙare. Kalsiyam ɗin nan daga layim yake fitowa, wato farar ƙasar da aka gasa a masana'anta, ko daga siminti. Toka ba layim kamar garin tuwo ne ba tafasasshen ruwa: yana nan a tukunya, amma ba zai zama tuwo ba. Gaskiya ne in ka gauraya toka zalla da baƙar laka za ka ga danƙonta ya ragu, ta fi sauƙin fasawa, kumburinta ya ɗan lafa. Dalili shi ne ka sirka ta da abin da ba ya kumbura. Sirki ba ɗauri ba ne. Ranar da ruwa ya kwanta a gefen hanya, ƙasar za ta koma halinta.

Aikin layim iri biyu ne, kuma ya kamata mai kula da aiki ya san su. Na farko yana faruwa cikin awanni: kalsiyam yana kore sinadaran da ke manne a jikin ƙwayar laka, ƙwayoyin su dunƙule, lakar ta daina kama felu ta koma marmashi. Na biyu yana ɗaukar makonni har watanni: kaifin layim yana narkar da silikar toka da ta lakar kanta, danƙo ya yi ta tsirowa a hankali. Amfanin toka yana cikin na biyun. Tana ba ka damar rage layim ko siminti, ba ta ba ka damar cire su.

Ka nemo adadin layim ta hanyar gwaji, ba ta hanyar ji daga bakin wani ba. Akwai gwajin Eades da Grim, mai sauƙi: ana ƙara layim a ƙasa da ruwa kaɗan-kaɗan har ma'aunin pH ya kai 12.4. Abin da ya kai ka wannan matsayi shi ne mafi ƙarancin abin da ƙasar ke buƙata. Ƙasa da haka, lakar za ta cinye layim ɗin duka, toka ta zauna ba abokin aiki.

Kada ka ɗauki sakamakon Deba ka kai Marte. Baƙar lakar kwarin Binuwai da Gongola, wadda ta samo asali daga ruɓewar duwatsu, daban take da ta tsohon gadon Tafkin Chadi. Ko a hanya ɗaya, kilomita na biyar na iya bambanta da na tara. A haƙa ramukan gwaji a tsawon hanyar, a kai zurfin da danshi ke canzawa tsakanin rani da damina, a gwada kowane samfuri: iyakar ruwan da ke mai da shi taɓo, yawan danƙonsa, yawan kumburinsa. Takardar ɗalibin da ya yi bincike a wata jiha tana nuna maka inda za ka fara nema. Ba ta isa ta zama tsarin aikinka ba.

Ka gwada ƙasar ko tana da salfet kafin ka kusantar da layim.

Mutane da yawa ba su san wannan ba, kuma yana kashe hanya fiye da rashin gyara. Idan ƙasa tana da jifsam, wanda shi ne ke ɗauke da salfet ɗin, layim da ruwa suka same ta, sai wani ma'adini mai suna etirinjait ya tsiro a ciki, ya tura shimfiɗar sama. Sai ka ga hanyar da aka kashe kuɗi aka gyara ta yi tozo-tozo, kumburin da ya fi na asali muni, kuma ba ya sauka da rani. An ga haka a hanyoyin Tekzas ta Amurka, kuma abin ya shafe mu kai tsaye, domin yankin Fika da Nafada da Guyuk ƙasar jifsam ce, daga nan ake haƙo shi a kai wa masu siminti. In ka ga farin ƙyalli-ƙyalli a bangon ramin gwaji, ka tsaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in salfet mai narkewa ya haura kashi 0.3 cikin ɗari, ba a ci gaba sai da ƙarin gwaji da canjin dabara.

Ka share ƙasar sama gaba ɗaya. Saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suna hana layim kamawa. Wanda ya bar ciyawa gireda ta juya ta cikin shimfiɗa ya ɓata kayan da ya saya da kuɗinsa.

Yanzu ga tokar kanta. Kada ka kwashi tokar juji.

Bayan kowane injin casar shinkafa akwai tulin buntu yana ci da wuta a hankali, wani lokaci makonni. Ka tona shi da felu ka duba. Sama baƙi ne ƙirin, gawayi ne da bai gama ƙonewa ba. Can ciki inda wuta ta daɗe tana ruri za ka tarar da fari mai ɗan ja-ja, yana ƙaras-ƙaras a yatsa. Tsakaninsu akwai siririn layi mai launin toka-toka mai laushi. Wannan na tsakiya shi ne abin nema. Baƙin yana shan ruwa yana raunana ƙasa. Wanda ya ƙone fiye da kima kuwa silikarsa ta riƙiɗa ta zama kamar yashi, ba ta narkewa, ba ta haɗuwa da layim. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 500 da 700 a ma'aunin Salsiyas, da isasshiyar iska. Daga wajen digiri 800 zuwa sama silikar ta fara mutuwa. Saboda haka a gina murhun ƙonawa, a sa ma'aunin zafi, a sa mutum ɗaya ya zama wannan ne aikinsa. Ba abu ne mai tsada ba idan aka gwada shi da kuɗin kilomita ɗaya na kwalta.

Ka kai kowace sabuwar toka ɗakin gwaji. Ma'aunin ASTM C618 da ake dogara da shi ya ce jimillar silika da alumina da sinadarin ƙarfe ta kai aƙalla kashi 70 cikin ɗari, kuma abin da ke ɓacewa in an sake ƙona ta kada ya wuce kashi 10. Tokar buntu mai kyau tana tsallake wannan cikin sauƙi. Ta tuƙar rake, irin wadda tukunyar kamfanin sukari na Numan ke fitarwa, tana iya tsallakewa, amma takan zo da yashi da gawayi, sai an tankaɗe. Ta ɓawon gyaɗa da ta totuwar masara sukan zo da fotash mai yawa da ƙarancin silika, kuma sun fi bambanta daga gona zuwa gona. Kada ka haɗa su a tifa ɗaya ka kira su toka kawai.

Ka niƙa, ka tankaɗe. Toka mai gari tana aiki, mai tsaki tana zaman banza. Ka adana ta a rufe, ruwa bai taɓa ta ba. Layim kuwa kada ya daɗe a buɗe, domin iska tana mayar da shi alli, ya rasa kaifinsa, buhu yana nan cike amma ba komai a ciki.

Kada ka ɗauka yawan toka shi ne yawan ƙarfi. Ƙarfin yana hawa har wani matsayi, daga nan ya juyo ƙasa, saboda tokar da ta rasa layim ɗin da za ta haɗu da shi ta zama gari mai sauƙi a cikin shimfiɗa. Toka ta fi ƙasa rashin nauyi kuma ta fi shan ruwa, don haka da zarar ka ƙara ta, nauyin dannewa zai ragu, ruwan da ake buƙata zai ƙaru. A sake gwajin dannewa da gaurayen, kada a yi amfani da alƙaluman ƙasar asali.

Ka yi lissafin toka kafin ka yi alƙawari.

Wannan lissafin ba a cika yin sa ba. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Toka kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ce na nauyin buntu. Ɗauki misali: kilomita ɗaya, faɗi mita 10 har da kafaɗu, kauri santimita 20. Wannan kubik mita 2,000 ne na ƙasa, in ka lissafa tan ɗaya da rabi a kowace kubik mita, tan 3,000 ke nan. A ce gwaji ya ba ka kashi 6 cikin ɗari na toka: tan 180. Kafin ka sami tan 180 na toka sai ka ƙona tan 900 na buntu, wanda sai an cashe tan 4,500 na shanshera. Na kilomita ɗaya ke nan. Wanda ya ce zai yi kilomita hamsin da tokar injin garinsu bai zauna da biro ba. Sannan ga nisa. Shinkafar Kebbi da ta Kura da Haɗeja tana da ɗaruruwan kilomita tsakaninta da firkin Borno, kuma toka tana cika tifa tun ba ta yi nauyi ba. In kuɗin dakonta ya haura na simintin Ashaka da ke kusa, to dabarar ta faɗi a wurin, ko da ta ci jarrabawa a ɗakin gwaji. Inda take da ma'ana shi ne inda laka da shara suke maƙwabtaka: Numan da rakenta, Daɗin Kowa da shinkafarta, gajerun hanyoyin kai amfanin gona kasuwa.

Kada ka ƙwace abincin dabba ko takin gona don ka ƙona. Harawa da kara da dusa suna da masu su. Abin da ya halatta shi ne wanda aka rasa yadda za a yi da shi, wanda hayaƙinsa ke damun unguwa.

Ka jiƙa samfuri kafin ka yarda da shi. Baƙar laka a bushe tana da ƙarfin da zai ruɗe ka. A bar gaurayen ya kwana bakwai a rufe, sannan a nutsar da shi a ruwa, a auna kumburinsa, a yi masa gwajin ƙarfin ɗaukar nauyi, wato CBR, a jiƙe. Ƙa'idar hanyoyi da gadoji ta Najeriya ta 1997 tana neman CBR na kashi 30 ga shimfiɗar tsakiya, kashi 80 ga shimfiɗar da ke ƙarƙashin kwalta. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai ba da aiki ita ce, baƙar lakar da aka gyara da toka da ɗan layim ta fi dacewa da gadon hanya, wani lokaci ta kai matsayin shimfiɗar tsakiya. Da wuya ta kai matsayin ta sama. Kada ka soke marmara da dutse daga tsarin aiki don ka zuba toka a ƙasa. Haka kuma a jiƙa samfuri a busar, a sake jiƙawa a busar, sau da yawa, domin haka hanyar za ta rayu. Wanda ya ruguje a zagaye na uku ba zai ga damina ta uku ba.

Ka yi ɗan yanki na gwaji a filin aiki, mita ɗari ko biyu, da injinan da za ka yi aikin da su da leburorin da za su yi shi. Abin da cokali ya gauraya a faranti daban yake da abin da gireda za ta juya.

A filin aiki, kada ka gauraya toka da curin laka. Ka fara zuba layim, ka juya, ka yayyafa ruwa, ka ɗan danne, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi laushi. Sannan ka sake fasawa, ka zuba toka, ka juya har launi ya zama ɗaya. Ka tsuguna ka ɗebi ƙasar a hannu, ka fasa curi ɗaya. In waje fari ne ciki baƙi ƙirin, ba a gauraya ba, an shafa masa hoda ne kawai, kuma wannan baƙin zai kumbura a ƙarƙashin kwalta. In kana ganin zane-zanen fari da baƙi a bayan gireda, a sake zagaye. Mai injin juya ƙasa ya fi mai gireda samun daidaito, kuma in aikin babba ne a nemo shi.

In siminti ka zaɓa maimakon layim, lokacinka gajere ne: daga zuba ruwa zuwa gama dannewa kada ya wuce awa biyu. Kuma siminti ba ya shiga laka mai danƙo sosai sai an fara karya danƙon da layim.

Kada kaurin shimfiɗa ɗaya ya wuce santimita 15 zuwa 20 bayan dannewa. Rola mai ƙusoshi ta fara, mai santsi ta gama. A auna dannewar a wurin, ba a tsaya ana kallon sawun taya ba.

Ka shayar da shimfiɗa kwana bakwai, ko ka rufe ta da ruwan kwalta nan da nan. A zafin Maris da Afrilu, ƙasar da aka danne da safe ta bushe kafin azahar, kuma da ruwa ya tafi danƙo ya daina tsirowa. Tankar ruwa ba kayan ado ba ce a wannan aiki. Kada a saki manyan motoci a kai kafin wa'adi, ko wane ne ya matsa, ko wane biki ke tafe. Kada kuma a fara aikin a tsakiyar damina, lokacin da lakar ba ta fasuwa kuma ruwan sama zai wanke layim ya kai shi gonakin mutane.

Ka kare leburanka. Ƙurar silika tana zama a huhu ba ta fita, layim yana ƙona fata yana makantarwa, musamman ɗanyensa da ba a kashe da ruwa ba. Yaro ya ɗaure hanci da tsumma yana zazzage buhu cikin iskar hunturu, wannan zalunci ne. A ba da takunkumi na gaske, da tabarau, da safar hannu, da takalmin roba, a ajiye ruwan wanke ido a kusa. A jiƙa toka kaɗan kafin a baza, kuma kada a baza ranar iska kusa da gidaje ko kasuwa.

Kada ka jingina da hikimar kakanni don ka kauce wa gwaji. Na sha jin ana cewa ai magina na da suna daɓe ɗaki da makuba, suna yin laso da katsin marina, saboda haka toka tamu ce tun asali. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma maginin nan yana zaɓen ƙasarsa, yana cuɗa ta kwanaki, yana dawowa ya yi yaɓe kafin damina, kuma ba tirela mai buhu ɗari shida ke bi ta kan daɓensa ba. Wanda zai ambaci sunansu ya ɗauki haƙurinsu tare da kayansu.

Ka kori ruwa daga jikin hanya, in ba haka ba duk abin da aka lissafa a sama ya tafi a banza.

Santimita 20 ko 30 ka gyara. A ƙarƙashinsu akwai mita ɗaya ko biyu na ɗanyar laka da ba ka taɓa ba, tana nan da halinta. Ka lura da inda hanyoyin firki ke fara tsagewa: a gefe, dogon layi yana bin tsawon hanya. Tsakiya tana rufe da kwalta, danshinta ba ya canzawa sosai, gefe kuwa yana jiƙa yana bushewa, yana ɗagawa yana sauka, sai kwalta ta karye a tsakaninsu. Maganinsa a ɗaga hanya sama da matakin ambaliya, a gyara kafaɗu da irin gaurayen da aka yi wa tsakiya a kuma rufe su da kwalta, a ba hanya gangare ta zubar da ruwa, a nisanta lambatu daga gindinta, a sa kwalbati inda ruwa ke son wucewa ba inda ya fi arha ba. Ramin da aka ɗebi ƙasa kada ya kasance manne da hanya, domin zai zama kududdufi yana shayar da gindinta har rani. Inda kumburin ya yi tsanani, a yi yadda injiniyoyin Indiya ke yi, a sa matashi mai kauri na ƙasar da ba ta kumbura tsakanin lakar da shimfiɗa. Bishiyoyi masu zuƙar ruwa irin su darbejiya da turare a dasa su nesa da kafaɗa, don da rani saiwarsu tana busar da gefe ɗaya ta tsaga hanya.

Kai kuma mai sa hannu, kada ka karɓi aiki a watan Fabrairu ka biya duka. Ka riƙe kason da yarjejeniya ta ba ka ikon riƙewa, ka nemi takardun gwajin kowane yanki da kwanan watansu, ka sa a haƙa inda kai ka nuna a auna kaurin shimfiɗar. Ka koma a watan Satumba, bayan ruwa ya yi aikinsa, ka taka gefen hanyar da ƙafarka daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka saki ragowar kuɗin.